Darasi na 7: Gane Ciwon Kifin Ado da Yi Masa Magani

Kifi ba ya kuka, ba ya tari, ba ya ɗingishi. In ciwo ya kama shi, sai mai lura ne zai gane. Don haka aikin farko na mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi shi ne kallo. Lokacin ba su abinci ya fi dacewa da wannan. Ku tsaya minti 5 a gaban akwatin, ku ƙirga su, ku duba wanda bai fito ba. Kifi mai lafiya yana rububin abinci, fiffikensa a buɗe, launinsa tas. Wanda ya ƙi ci, ko ya manne fiffike a jiki, ko ya raɓe a lungu shi kaɗai, ko yake goga jikinsa da dutse, akwai abin da ke damunsa.

A fara da ruwa

Da yawa da sun ga kifi ya yi laushi sai su garzaya neman magani. Ku dakata tukuna. Mafi yawan ciwon kifin gida daga ruwa yake farawa.

Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a cikin tsakuwa su ma suna ƙara ta. A cikin matatar ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Su ne ke juya amoniya ta koma naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan su juya naitirait ta koma naitiret, wadda ba ta da illa sosai in ba ta taru ba. A sabon akwati waɗannan ƙwayoyin sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Shi ya sa wanda ya cika sabon akwati da kifi rana ɗaya yakan wayi gari ya tarar suna mutuwa, alhali ruwan garau yake a ido. Amoniya ba ta da launi.

Ku tambayi kanku: kifi ɗaya ne ba shi da lafiya, ko dukansu? In dukansu ne suka taru a saman ruwa suna haki lokaci guda, ruwan ne. Ku gwada shi da kayan gwajin da masu sayar da kifin ado ke sayarwa. Amoniya da naitirait dole su nuna 0. Naitiret kada ta wuce miligiram 40 a lita. In sakamakon bai yi kyau ba, ku zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ku mayar da sabo mai ɗumi daidai da na ciki. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin da ke ƙone wurin numfashin kifi, saboda haka a ɗiga masa maganin kashe kulorin kafin a zuba. Soson matatar ruwa kuma a cikin tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi. In kun wanke shi a bakin famfo, kun kashe ƙwayoyin da ke yi muku aiki.

Ciwon farin ɗigo

Wannan shi ne ciwon da kusan kowane mai kifi zai gamu da shi. Za ku ga ƙananan fararen ɗigo a jiki da fiffike da jela, kamar an barbaɗa wa kifin gishiri. Kafin ɗigon ya fito ma, kifin zai riƙa goga jiki da tsakuwa. Wata 'yar ƙwayar cuta ce ke kawo shi, masana suna kiranta Ichthyophthirius multifiliis.

Sai kun san yadda take rayuwa za ku iya kashe ta. Ɗigon da kuke gani, ƙwayar ce ta shige ƙarƙashin fatar kifi tana ci. A nan magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwatin, ta lulluɓe kanta da kwanso, ta yi ta rabuwa a ciki har ta zama ɗaruruwa. A nan ma magani ba ya taɓa ta. Sai kwanson ya fashe, 'ya'yan su bazu cikin ruwa suna neman kifi. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai magani yake kama su. Wanda bai sami kifi ba cikin kamar kwana 2, mutuwa yake yi.

To, ku lura da kyau. Ranar da ɗigon ya ɓace daga jikin kifi, ba warkewa ba ce. Ƙwayar ta sauka ƙasa ne tana hayayyafa. Wanda ya tsayar da magani a ranar, bayan 'yan kwanaki zai ga ɗigon ya dawo fiye da na farko. A ci gaba da magani kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsaya sai an yi aƙalla kwana 3 ba a ga ɗigo ko ɗaya ba. Akwatin gaba ɗaya ake yi wa magani, domin cutar tana cikin ruwa da tsakuwa.

Ɗumi yana hanzarta wannan zagayen. A digiri 25 yakan ɗauki kusan mako guda, a ruwan sanyi kuwa makonni. Don kifin ƙasashe masu zafi, ana ɗaga hita a hankali, digiri 1 bayan 'yan awoyi, har zuwa 28 ko 30. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, don haka a ƙara ƙarfin famfon iska.

Magungunan wannan ciwo galibi suna ɗauke da malachite green ko formalin, haka za ku gani a rubuce jikin kwalba. Gishiri tsantsa ma yana aiki, giram 1 zuwa 3 a kowace lita. Amma kifaye marasa ɓawo, irin dangin tarwaɗa, ba sa jure gishiri da waɗannan magunguna kamar sauran, kuma tsirran cikin ruwa sukan lalace.

Lissafin ruwa

Magani ba a zuba shi da ƙiyasi. Ku auna tsawon akwatin da faɗinsa da zurfin ruwan da santimita, ku ninka su, ku raba da 1,000. Misali: 60 sau 30 sau 30 ya ba da 54,000. A raba da 1,000, lita 54 ke nan. A rage wurin da tsakuwa da duwatsu suka cinye, a ce lita 50. In za a sa gishiri giram 2 a lita, giram 100 ake buƙata. A narkar da shi a bokiti, a zuba kaɗan-kaɗan cikin yini guda. Gishiri ba ya bin tururi ya fita. In kun canza lita 10, gishirin lita 10 kawai za ku mayar.

Wasu cututtukan

In bakin jela ko fiffike ya fara zaizayewa yana tsattsagewa, bakteriya ce ta samu dama saboda ƙazantar ruwa. In an gano da wuri, canjin ruwa akai-akai yakan isa, fiffiken ya sake tsirowa.

Akwai biyu da suke rikita mutane. Funfuna tana fitowa a kan rauni, fara mai dogon gashi-gashi, kuma a hankali take yaɗuwa. Ana yi mata magani da wani sinadari mai suna methylene blue. Ɗayar kuwa, wadda ake kira kolumnaris, bakteriya ce. Takan fito fari-fari ko toka-toka a baki ko a gadon baya, a shafe take, kuma tana iya kashe kifi cikin kwana 1 ko 2. Ita zafi ƙara mata ƙarfi yake yi. Wanda ya ɗauka farin ɗigo ne ya ɗaga hita, ya taimaki cutar da hannunsa. Abin takaici ne a rasa kifi ta wannan hanya, tunda kallo na minti biyu da tocila zai iya bambance su.

In cikin kifi ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye in an leƙa shi ta sama, ƙodarsa ta gaza, ruwa ya taru a jikinsa. Wannan da wuya ya tashi. A ware shi. Kifin da yake kifewa ko ya kasa nutsewa bayan ya ci abinci, musamman kifin zinariya mai zagayayyen jiki, a hana shi abinci kwana 2 zuwa 3 a gani.

Kafin a zuba magani

Ku cire gawayin da ke cikin matatar ruwa, in ba haka ba zai tsotse maganin. Kada a haɗa magani biyu lokaci guda. Maganin da ke da jan ƙarfe yana kashe dodon koɗi da jatan lande. Ragar kamun kifi da tiyon akwatin mara lafiya kada su shiga wani akwatin.

Sabon kifi kuwa, komai kyansa, a ajiye shi a ƙaramin akwati daban mako 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da sauran. Yawancin farin ɗigo ta wannan ƙofar yake shigowa.

Ku kula da kanku ma. Akwai ƙwayar cutar kifi mai suna Mycobacterium marinum da ke shiga ta rauni a hannu, ta haifar da ƙurji mai wuyar warkewa. In kuna da yanka, ku sa safar roba. In ƙurji ya fito ya ƙi warkewa, ku je asibiti, ku gaya wa likita kuna kiwon kifi.

Aikin gida

Ku samu ƙaramin littafi. Kowace rana a wannan makon ku rubuta kwanan wata, zafin ruwa, yawan kifin da suka ci abinci, da duk abin da kuka gani a jikinsu. Sannan ku auna akwatinku, ku fitar da yawan litarsa, ku rubuta a takarda ku manna a gefen gilashin. Ku zo da littafin aji na gaba.