Yadda Ake Gane Bindigar Farauta Mara Nauyi

Maharbi a Daura da ke da lasisi, kafin ka yarda cewa bindigar da aka ƙera maka ta musamman mara nauyi ce, ɗora ta a sikeli babu harsashi. Ƙasa da kilo 3 ita ce mara nauyi. Sake aunawa da madubin hange a kai, don shi kaɗai yakan ƙara kusan rabin kilo.

A wuri biyu maƙera suka fi rage nauyi: bututu da ƙota. Nan kuma matsalar take. Siririn bututu yana saurin zafi, bayan harbi uku ko huɗu saiti ya fara kaucewa. Kuma da harsashi iri ɗaya, mara nauyi ta fi dukan kafaɗa, ta fi rawa a hannu idan kana haki.