Dabarar sauke damuwar aiki kafin a kwanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan na masu kwanciya da tunanin aiki ne, su wayi gari a gajiye kamar ba su runtsa ba.

Kafin ka hau gado, ɗauki takarda da biro, ka rubuta duk abin da ke cin ranka. Takarda fa, don waya sai ta ja ka cikin saƙonni. A gaban kowace damuwa ka sa mataki ɗaya ƙarami da za ka ɗauka gobe. "Aiki ya yi min yawa" ba ya kai ka ko'ina. Rubuta "ƙarfe 9 zan tambayi shugabana wanne zan fara gamawa." Ƙwaƙwalwa takan yi ta nanata abin da ba a kammala ba don gudun mantuwa, da zarar ya sauka a takarda sai ta sassauta. Abin da ba ya hannunka kuwa, ja masa layi ka wuce.

In ƙirji na bugawa, shaƙi iska ta hanci daƙiƙa 4, ka fitar a hankali daƙiƙa 6, na 'yan mintuna. Tsawaita fitar da numfashi na rage bugun zuciya.

Amma a kula. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana alamomi uku na gajiyar da dogon matsin aiki ke haifarwa: ƙarewar kuzari, aikin ya fita daga ran mutum, sai raguwar ƙwazo. In ta kai haka, takarda kaɗai ba ta isa ba, sai an rage nauyin. Wanda kuma ya shafe makonni ba barci, ko yake tunanin cutar da kansa, ya ga likita ba tare da jinkiri ba.