Yadda Ake Gane Nau'in Tsohuwar Takardar Kuɗi da Ƙarancinta

Mutane da dama a nan Kaduna suna tambayata game da tsofaffin kuɗin da suka tarar a adakar iyayensu. Ga matakan.

1. Ka wanke hannunka, ka bari ya bushe sarai.

2. Ka shimfiɗa takardar a kan farin ƙyalle. Hattara: kada ka wanke ta, kada ka goge ta da dutsen guga, kada ka liƙa mata salatif, domin nan take darajarta ke zubewa.

3. Ka karanta sunan kuɗin. Fam da sule sun riga 1973, shekarar da naira ta fito.

4. Ka dubi launinta, domin a 1984 an sauya launin takardun naira aka bar zanensu, don haka naira ashirin mai hoton Janar Murtala ba iri ɗaya ba ce.

5. Ka duba sa hannun gwamnan Babban Banki. Na Malam Adamu Ciroma, wanda ya riƙe muƙamin daga 1975 zuwa 1977 kawai, ya cancanci ka ware shi gefe.

6. Ka ɗaga ta a hasken taga, ka nemi ɓoyayyen tambarin da ke jikin takardar.

7. Ka rubuta lambarta a littafi.

8. Ka adana ta a busasshen ambulan, musamman da damina.