Sabon shef, kai ne ke kashe wa ma'aikatanka gwiwa

Duk lokacin da aka yi sabbin naɗe-naɗe sai a turo mana matashi da takardarsa ta ENA, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta Yamai, ko ta jami'a, ya zo Damagaram ya karɓi buro, kafin wata uku ya fara kukan da wanda ya gada ya yi: ma'aikata ba su son aiki, ba su zuwa da wuri, ƙarfe goma sha ɗaya ka nemi mutum ka rasa. Na gaji da jin wannan kuka. Abubuwan da ke jawo shi ba su canzawa, kuma kowane sabon shef sai ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya.

Yana zuwa ne da tunanin cewa albashi kaɗai ke sa mutum aiki, albashi kuwa daga Yamai ake yanka shi, don haka shi ba abin da ke hannunsa sai rajista da barazana. Gaskiya ne ba kai ka rubuta dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007 ba, ba kai ka raba mutane rukunin A, B, C da D ba. Amma yawancin abin da ke sa ma'aikaci ya saki jiki ya yi aiki, ko ya naɗe hannu ya zuba maka ido, a kan teburinka yake.

Babban cikinsu rabon misiyo, wato tafiyar aiki da ake biyan kuɗinta, da tura mutane horon ƙarin sani. Ƙanena, in ka ɓata wannan, ka ɓata komai. Kowa ya san albashin ƙaramin ma'aikaci ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma kuɗin misiyo na ƴan kwanaki shi ne ke cike buhun gero ko kuɗin makarantar yara. To sai takardar gayyata ta zo, shef ya rufe ƙofa, ya fito da sunaye ukun da kullum su ne: ɗan garinsu, mai yi masa rakiya zuwa fada da dare, da shi kansa. Sauran sai dai su leƙa ta taga su ga farar mota ta ɗauki hanyar Magariya ko Tanut. Kana tsammani ba su ƙirga ba? Suna ƙirgawa. Sakatariyar da ke buga takardar tafiya ta san sau nawa kowa ya fita a shekara, direba ya sani, mai shayi na bakin ƙofa ma ya sani.

Na yi aiki ƙarƙashin wani shef irin wannan. Ni ne na tattara alƙaluman ƙauyuka, na zauna a kansu har bayan isha'i da fitilar hannu in kuran ya ɗauke, na haɗa rahoton tun daga shafin farko. Da aka kira taron gabatar da shi a Maraɗi, sai aka tura wani yaro da bai san inda aka samo lamba ko ɗaya ba. Daren tafiya ya yi sallama a ƙofar gidana, takardun a hannunsa, yana cewa, "Yaya, don Allah wannan jadawalin me yake nufi?" Na shimfiɗa masa tabarma na yi masa bayani, domin ba shi ya yi mini laifi ba. Kuɗin tafiyar bai dame ni ba kamar takardar shaidar horon da ya dawo da ita. Ita ake dubawa ranar da muƙami ya buɗe. Ranar ta zo, dosiyensa cike da takardu, nawa ba komai sai yabon baki. Daga nan na koma yin daidai abin da aka rubuta mini, ba ƙari ko na minti ɗaya, kuma shef ɗin har ya bar garin bai gane abin da ya same ni ba. Ya ɗauka tsufa ne.

Abin da nake yi tun da aka ba ni mutane shi ne na liƙa babbar takarda a bango, bayan ƙofar sakatariya, da sunan kowa har direba. Wanda ya fita a sa masa alama da kwanan wata. In gayyata ta zo, a duba wanda layi ya zo kansa. In aikin yana buƙatar mai wani sani na musamman, sai in faɗa a gaban kowa: wannan karon Hajiya za ta je domin lissafi ne, Malam wane shi ke biye. Wasu abokan aikina suna cewa na zubar da ikon shef, wai misiyo ita ce sandar da ake kora ma'aikata da ita. Su riƙe sandarsu. Ni dai tun da takardar nan ta hau bango ban sake jin ana ƙus-ƙus a kan tafiya ba. Kai kuma shef, ba kowace mota za ka shiga ba. Buron da shugabansa ke kan hanya rabin wata, wa zai zauna a cikinsa?

Na biyu, kwantar da dosiyen mutane a durowa. Wannan zalunci ne da ba ya ƙara, shi ya sa masu yin sa ba su ɗauke shi laifi ba. Ƙarin matakin ma'aikaci, makin shekara, neman hutu, neman izinin komawa karatu, takardun mai shirin ritaya, duk sai sun bi ta hannunka kafin su kama hanyar Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Takardar da ta kwana mako biyu a wurinka tana iya rasa zaman kwamiti, mai ita ya jira wani zagaye. Ni an taɓa binne tawa ƙarƙashin tsofaffin jaridu a kan teburin wani shef, na yi ta zarya ana ce mini "an aika". Ranar da planto, ɗan aiken wurin, ya zo share buron ya tsinto ta, tabon kofin shayi a kanta, ko hannu ba a sa ba. Za ka ce ai in ƙarin ya fito za a biya mutum bashin baya. Za a biya, amma mai gidan haya da mai kanti ba su jira kwamiti.

Ba ni barin buro ranar Alhamis sai jakar sa hannu ta zama fanko. Ina da ƙaramin littafi da na rubuta lokacin da ƙarin kowa zai kama, ni nake tuna wa mutum ya haɗo takardunsa, kuma in an aika ina buga waya in bi sawu. Ka gwada ka ce wa ma'aikaci, "Malam, wata mai zuwa ƙarinka ya kama, kawo takardunka," ka ga fuskarsa. Maki kuma kada ka bai wa kowa iri ɗaya don gudun ɓacin rai. In mai kwana a kan aiki da mai zuwa gaisuwa ya wuce sun tashi da maki ɗaya, ka gaya wa na farkon ke nan cewa shi ne wawa.

Wani Ba'amurke, Frederick Herzberg, ya yi bincike a 1959 a kan injiniyoyi da akantoci kusan 200. Ya gano cewa abin da ke ɓata wa ma'aikaci rai, irin su albashi da yanayin wurin aiki da halin shugaba, daban yake da abin da ke sa shi son aikin: a gane ƙoƙarinsa, a damƙa masa nauyi, ya ga yana gaba. Rabin maganar nan na yarda da shi. Mutanen da ya tambaya dai albashinsu ba ya makara, ɗan kwantaragin da ke jiran ɗan abin da ake ba shi kuwa yabo ba zai sauke masa tukunya ba.

Sai rajistar safe, abin alfaharin kowane sabon shef. Ya sayo sabon littafi, ya ja jan layi ƙarfe takwas da kwata, ya zauna yana jin ya gyara ƙasa. Me ka samu? Mutane sun zo sun sa hannu, sun rataya riga a kan kujera, sun fice. Kafin ka ja layin nan, ka tambayi kanka ko ka san garin da kake. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, akwai unguwannin da pampo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, ma'aikaciyarka ta kwana tana tarar jarka ko tana jiran ɗan garuwa. Dattawan buron kuma sun ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga karyewar darajar Sefa da rabi a Janairun 1994. A nan suka koyi cewa wanda ba shi da gona ko ƴan tumaki ko ɗan tebur a kasuwar Dole, yunwa za ta same shi da takardar gwamnati a aljihu. Ba za ka cire musu wannan da jan biro ba. Ni aikin nake ƙirgawa: dosiye nawa aka gama, talaka nawa aka sallama. Akwai sa'o'in da tagar karɓar jama'a ba ta zama ba kowa, a kan wannan ba ni wasa. Da damina mu tsara wa zai je gona yaushe, wa zai riƙe masa. Wanda ya mai da abin raini, mu yi magana mu biyu, in ya sake sai takardar neman bayani, kuma ba na janye ta don an turo mini dattijo da dare.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Kada ka yi wa ma'aikaci tsawa a gaban mutanen da ya zo yi wa hidima, musamman in ya girme ka. Kira shi ciki. Kada ka riƙa barazanar tura mutum Taskar ko wani ƙauye mai nisa, kana zagin waɗanda ke aiki a can tsakani da Allah. Ƴan kwantaragi da ƴan bautar ƙasa su ke ɗauke da rabin aikin wurare da yawa, ka sa su a taro, ka sa su a takardar bango. Taron ma'aikata ranar Juma'a ƙarfe goma sha biyu, ba mai sauraronka. In an yi wa planto rasuwa, ka je da ƙafarka ka zauna a tabarma, kada ka aika. Kuma abin kunya ne a gyara na'urar sanyaya ɗakinka alhali sakatariya tana zuwa kanti buga takardar gwamnati da kuɗinta don tawada ta ƙare.

Akwai kuma mai kawo tsegumi. Kowane buro yana da shi, kuma shi ne zai fara yi maka barka da zuwa. Yana shigowa a hankali bayan la'asar, ya tura ƙofa, ya rage murya: "Ranka ya daɗe, ba don ina son magana ba, amma wane ya ce..." Ranar da ka saurare shi har ƙarshe, sauran sun sani, kuma daga ranar ba mai sake gaya maka gaskiyar abin da ke tafiya a wurin. Ni ina nuna masa kujera ne in ce, "Madalla, zauna, bari a kira wanen ka maimaita a gabansa." Sai in ɗaga murya in kira Baba planto. Yawanci kafin Baba ya iso, mutumin ya tuna yana da aiki a ɗaya ɗakin.