Yadda za ka ɗauki hoto da waya hanci bai kumbura ba, gini bai kwanta ba

Ranar kamun wata ƙanwarmu ne aka miƙo min waya aka ce in ɗauki iyaye, su 11 a jere a falo, falon kuma ba faɗi, to sai na danna 0.5, wato kyamarar waya mai faɗin gani, don kowa ya samu shiga. Da na tura hoton a gurup ɗin gida, gwaggo da ta zauna can ƙarshen layi ta kira ni, ta ce “Kai ɗan nan, haka nake a idonka?” Wallahi fuskarta ta baje gefe guda, kafaɗarta ta yi faɗi kamar an ja ta da hannu, alhali waɗanda ke tsakiya sun fito daidai. Ranta ya ɓaci kuma tana da gaskiya, don hoton biki abu ne da ake ajiyewa jikoki su gani. Tun daga ranar na zauna na bi kadin abin nan, kuma abin da na gano shi ne wajen da ka tsaya da yadda ka riƙe waya su ne ke yanke siffar da mutum zai fito da ita, tsadar waya ba ta da hannu a ciki.

Ƙa'idar guda ɗaya ce, masu hoto suna ce mata faspektif. Kyamara tana kwaso duniya mai zurfi ta shimfiɗe ta a kan shafi, to duk abin da nisansa ya ninka biyu girmansa a hoto zai koma rabi, in ya ninka uku ya koma kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa in ka tsaya a bakin titi kana kallon falwayoyi za ka ga suna ta ƙanƙancewa har su haɗe da titin a wuri ɗaya can nesa. Yanzu kawo wannan lissafin kan fuska. In ka riƙe waya santimita 30 daga hancinka, kunnuwanka suna baya da kamar santimita 10, wato suna 40 kenan, ka ga hanci ya samu ƙarin girma na wajen kashi ɗaya cikin uku a kan kunne. Amma in mai ɗauka yana mita 2, hanci na 200 kunne na 210, bambancin kashi 5 cikin 100 ne kacal, ido ba ya ma kama shi. A 2018 wasu likitocin gyaran fuska a Amurka sun auna wannan, suka samu cewa salfi daga inci 12, wato wajen santimita 30, yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin 100, daga ƙafa 5 kuwa, wato wajen mita ɗaya da rabi, kusan babu ƙari. Abin yana damuna sosai in na ga yarinya tana jin haushin fuskar da Allah Ya ba ta saboda salfi, bayan ba haka mutane suke ganinta ba.

To ga yadda za ka yi in mutum ɗaya za ka ɗauka. Ja da baya taku uku, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan ka danna 2x, ko 3x in wayarka na da shi, har fuskar ta cika hoton. Babbar kyamarar yawancin wayoyi daidai take da lens, wato gilashin kyamara, mai milimita 24 zuwa 26 (ƙaramar lamba tana gani da faɗi, babba tana jawo na nesa), 0.5 ɗin nan wajen 13 ne, su kuma masu sana'ar hoto 85 suke so wajen ɗaukar fuska, kuma ba wani sirri ne a cikin gilashin ba, kawai yana tilasta musu su tsaya nesa ne. Zum ba ya canza siffa ko kaɗan, yanko tsakiyar hoto kawai yake yi ya girmama shi, ƙafarka ce ke canza siffa. In wayarka ba ta da kyamarar zum ta daban kar ka wuce 2x, kuma ka nemi haske mai kyau, bakin taga ko inuwar bishiya da hantsi, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi. In salfi ne ka miƙe hannu gaba ɗaya, ko ma dai ka jingina wayar a kan wani abu ka sa taima na sakan 10 ka koma baya, ya fi.

Sai tsayin da ka riƙe wayar, nan ma mutane na sake. In za ka ɗauki mutum daga kai har ƙafa, sauke wayar zuwa daidai ƙirjinsa ko ƙugunsa, ka riƙe ta a miƙe ba ka karkata ba. In ka ɗauka daga sama kai zai yi girma ƙafafu su gajarce, babbar riga ta koma kamar ta yi masa yawa, in daga ƙasa ne kuma ƙafa da takalmi su cinye hoton. Yara kuwa sai ka tsuguna ka daidaita da idonsu, don Allah a daina ɗaukar yara daga tsaye.

Hoton taro, wanda ya haɗa ni da gwaggo, maganinsa a fita tsakar gida. Kyamara mai faɗi tana ja abin da ke gefe-gefe, abu mai zagaye kamar kai sai ya koma kamar ƙwai. Ka bar wayar a 1x, ka ja baya, ka yi layi biyu, dattawa a kujera matasa a tsaye bayansu kuma su matso sosai don kar na baya su ƙanƙance, sannan ka bar fili hagu da dama yadda ba fuskar da za ta kusanci bakin hoton, daga baya ka yanke filin.

Gini shi ne ya fi ba mutane wahala. Ka je gaban hasumiyar Gobarau a Katsina, ko ta babban masallacin Agadas mai tsayin mita 27, kana so ka samu har ƙoli sai ka ɗaga kan waya sama, da ka ɗaga kuwa shi kenan, saman ginin ya fi ƙasansa nisa da kai, layukan da ke tsaye sai su fara haɗuwa, ginin ya zama kamar zai faɗi ta baya. Ta Agadas ma da ma can tsukewa take yi tana hawa, to in ka ƙara mata da karkata waya sai ta fito fiye da yadda magina suka yi ta. Abin yi, shiga saitin kyamara ka kunna girid, layukan nan da ke raba fuska gida 9, ka riƙe wayar a tsaye cak yadda bango ko ƙofa za su bi layin girid, ka yi ta ja da baya har ƙolin ya shigo da kansa. Rabin hoton zai zama ƙasa da yashi, ba komai, yanke shi. In babu wajen ja da baya, lungu ne ko titi mai mota, ka nemi tudu ko bene, in kuma ya gagara ka ɗauka a karkace amma ka bar fili mai yawa kewaye da ginin, sannan ka buɗe manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom ka gyara faspektif ɗin, don gyaran yana cinye gefen hoto. Kar ka miƙar da shi ɗari bisa ɗari in ginin dogo ne sosai, ka bar masa ɗan tsukewa kaɗan, ido ya saba da hakan.

'Yan uwa mata masu saida kaya a WhatsApp, wannan naku ne. Atamfa ko leshi ko shadda, ki shimfiɗa ki riƙe waya daidai samansa a kwance, kar gaba ya fi baya sauka, in ba haka ba zanen kusa zai fi na nesa girma mai saye ya zaci haka zanen yake. A iPhone in kika kifa waya ƙasa za ki ga alamomi biyu kamar na tarawa a tsakiya, fari da rawaya, in suka hau kan juna kin daidaita. Takalmi da jaka da kwalbar humra kuwa ki ja baya ki sa 2x, don in kika matso bakin takalmin zai kumbura dunduniyar ta tsuke.

Masu gem da masu koyon Blender, manhajar ƙera siffofi masu zurfi (3D), lissafin nan dai shi ne a cikin kwamfuta. Kowane ɗigo na abu yana da x da y da z, injin yana raba x da y da z ɗin, wato nisa, sai ya samu inda ɗigon zai zauna a sikirin, ba wani abu ba ne illa waccan magana ta ninki biyu rabin girma. Faɗin gani da kake ƙarawa a saitin gem shi ne 0.5 ɗin waya, kana ganin gefe da yawa amma abokin gaba da ke tsakiya ya ƙanƙance. Kyamarar Blender da milimita 50 take zuwa, in ka danna 5 a madannin lambobi na dama sai a cire rabawar nan gaba ɗaya, na kusa da na nesa su zama girma ɗaya, irin wanda masu zanen gini ke aiki da shi don awo ya fito daidai. Kuma abin ya daɗe, masanin nan Ibnul Haisam, haifaffen Basra, shi ya yi bayani a Kitabul Manazir tun wajen shekara 1000 da suka wuce cewa haske daga abu yake tahowa a miƙe ya shiga ido, sai a 1435 wani masanin zane da gini mai suna Alberti ya rubuta wa masu zane na Italiya yadda za su fitar da zurfi a kan shafi.

In kana so abin ya zauna maka, ɗauki kofi biyu iri ɗaya, ka aje ɗaya a bakin tabarma ɗaya kuma taku guda bayansa. Ɗauki hoto daga kusa da na gaba a 1x, sannan ka ja baya taku huɗu ka yi zum har na gaban ya dawo girman da yake a hoton farko, sai ka jera hotunan biyu ka duba kofin baya.