Yadda Ake Tsara Tankin Mai a Fiffiken Ƙaramin Jirgin Sama

Wanda ke haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa yakan fara tunanin tanki da tambayar lita nawa zai ci, alhali wannan ita ce tambaya mafi sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne man ya isa bakin bututun da ke kai shi inji ko da jirgin ya karkata, iska ta sami hanyar shiga, ruwa kuma ya sami hanyar fita.

Lissafin girma ba ya cin lokaci. Injin Lycoming O-320 yana shan kimanin lita 30 a awa idan tafiya ta miƙa, don haka awa 4 na buƙatar lita 120. A ƙara man ko-ta-kwana, wanda dokar Amurka ta sa minti 30 da rana da minti 45 da dare ga mai tuƙi da gani, sai jimilla ta kai lita 135 da rana, ta haura lita 140 da dare. Kusan haka tankunan jirgin RV-6 na kamfanin Van's suke: galan 19 a kowane fiffike, wato kimanin lita 72. A kan samfurin RV-6A ne aka ƙera jirgin Air Beetle a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama na Nijeriya. Litar fetur ɗin jirgi, 100LL mai launin shuɗi, tana da nauyin kilo 0.72, saboda haka mai kawai ya wuce kilo 100, nauyin da ke raguwa a cikin tafiya. Shi ya sa ake ajiye tanki dab da babban ginshiƙin fiffike, kusa da inda nauyin jirgi ya daidaita, domin kada ƙarewar mai ta mayar da jirgin mai nauyin hanci ko mai nauyin wutsiya.

Ana iya yin tanki daban na alminiyam da walda a zura shi tsakanin haƙarƙarin fiffike, wanda ya fi sauƙin cirewa a gyara amma ya fi nauyi. Ana iya kuma mayar da goshin fiffiken kansa tanki, a liƙe duk mahaɗinsa, kamar yadda ake yi a jiragen RV. A ganina wannan ya fi dacewa da jirgin alminiyam, muddin za a ɗaure tankin da sukurori yadda zai ciru ran da ya fara yoyo. Mai aiki da fayiba kuwa ya binciki irin danƙon da zai zuba tun kafin ya saya, domin fetur ɗin mota mai gaurayen itanol yana cin wasu nau'o'insa.

Haƙarƙarin da ke cikin tanki shi ne ke hana mai kai-komo. Kowane ɗaya yana buƙatar rami a ƙasa inda mai zai bi, da ƙaramin rami can sama inda iska za ta bi. Idan aka manta na saman, iska za ta maƙale a ɗaki-ɗaki, tankin ya ƙi cika. A haƙarƙarin cikin tanki mafi kusa da gangar jirgi a sa 'yar ƙofa mai buɗewa ciki kawai, ta yadda man da ya shiga ɗakin da bututu yake ba zai gudu zuwa ƙarshen fiffike ba lokacin da jirgi ya zame gefe. Bakin bututun ya zauna a baya kuma a ƙasa, da 'yar rariya a kansa, amma a ɗaga shi kaɗan sama da inda ya fi zurfi. Wurin mai zurfin na ruwa ne, domin ruwa ya fi fetur nauyi, kuma a nan ake sa bawul ɗin da matuƙi zai tsiyaya a kwalba kafin kowane tashi.

Hanyar iska ta fi kowane sashe cin amana. Idan ta toshe, famfo zai yi ta ja har fatar tankin ta lotsa ko injin ya mutu da mai cike. Bututun iskar ya fara daga wuri mafi tudu a cikin tanki, bakinsa na waje ya fuskanci gaba. A ƙasashenmu babban abokin gabarsa zanzaro ne, wanda ba ya ganin rami mai faɗin fensir ya wuce bai cika shi da laka ba, don haka a sa raga a bakin, a kuma huda ƙaramin rami na biyu a bayansa. Ƙa'idojin Amurka na jiragen da ake ƙerawa don sayarwa sun nemi a bar aƙalla kashi 2 cikin 100 na tanki babu komai domin mai yana kumbura da zafi. Ba su hau kan jirgin gida ba, amma wanda zai cika tanki da asuba ya bar jirgi a ranar Sakkwato ko Agadas zai yi kyau ya bar fiye da haka.

Liƙi aikin haƙuri ne. Danƙon da aka fi sani da Pro-Seal kashi biyu ne da ake haɗawa 10 da 1 a kan sikeli, baƙi-baƙi, mai warin rubaɓɓen ƙwai, kuma duk abin da ya taɓa ya kama. A goge alminiyam ya dushe, a wanke shi da asiton, kada yatsa ya ƙara taɓa wurin. A shafa danƙon tsakanin fata da haƙarƙari, a buga ƙusoshin ribiti tun yana ɗanye, sannan a ɗora ɗigo a kan kowace ƙusa ta ciki. Bayan ya bushe sai gwaji: a toshe ƙofofi, a ɗaura balan-balan a bututun iska, a hura da famfon keke a hankali, a bi kowane layi da ruwan sabulu ana neman kumfa. Matsin kada ya wuce na ruwa mai tsayin santimita 70 a cikin tiyo. Kwamfuresa tana iya kumbura tankin cikin daƙiƙa ɗaya.

A jirgi mai fiffike a ƙasa, bawul ɗin zaɓe ya zama dama, hagu da rufe. Idan aka buɗe tankuna biyu tare, famfo zai zuƙi iska daga wanda ya fara ƙarewa. Bawul ɗin kuma ya kasance inda ido ke gani, hannu ke kaiwa. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a watan Oktoba na 1997 a gaɓar Kalifoniya cikin jirgin Long-EZ wanda maƙerinsa ya sa wannan bawul a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi.

Kafin tashin farko a ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, a zuba mai kaɗan, a cire tiyo daga kafireto a auna abin da ke zubowa. Tsari mai famfo ya ba da kashi 125 cikin 100 na abin da injin ke sha lokacin tashi, mai gangarowa da kansa kuma kashi 150. Idan injin na shan lita 50 a awa, famfo ya kawo fiye da lita 1 a minti. A ci gaba har iska ta fara fitowa, a tsiyaye ragowar ta bawul ɗin ƙasa a auna, a cire wannan adadi daga abin da za a rubuta a gefen murfin tanki.