Tawaye, bore ko zanga-zanga: yadda ake zaɓen kalma kafin a rubuta

A farkon watan Agustan 2024, da matasa suka fito kan tsadar rayuwa, wani tsohon ɗalibina mai rubuta labarai a Facebook ya turo mini rubutunsa in duba masa. Kanun ya ce matasan Gombe sun yi tawaye. Nan take na buga masa waya. Na ce, ɗana, ka san abin da ka jinginawa 'ya'yan mutane kuwa? Ya ce, Malam, ai duk ɗaya ne. To ba ɗaya ba ne. Na daɗe ina fassara labarai a gidan rediyo, kuma ga yadda nake bi idan irin wannan labari ya zo hannuna.

Abin da nake fara tambaya shi ne, me mutanen nan suke nema? Idan so suke hukuma ta gyara wani abu, kamar farashin mai ko albashi, amma ba su ce sun daina bin ta ba, wannan zanga-zanga ce. Irinta aka yi a Janairun 2012 da aka cire tallafin mai. In tafiya suke yi a kan titi da kwalaye, ka ce jerin gwano. In sun taru wuri guda ana jawabai, gangami. In sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ofis sun ce ba inda za su, zaman dirshan ke nan. Sai an fara ƙone-ƙone da fasa shaguna ake kawo kalmar tarzoma, kuma ko a nan ka faɗi unguwar da lokacin. Mutum dubu da suka yi tattaki cikin lumana da safe bai kamata su ɗauki laifin waɗanda suka fasa rumbu da yamma ba.

Yajin aiki kuwa, Hausa ta riga ta yi maka bayaninsa. Matar da ta yi yaji ba ta kashe aurenta ba. Gidansu ta tafi tana jiran biko, a zauna a ji kukanta. Haka malaman jami'a suka yi wata takwas a 2022, kuma da aka sasanta, ajinsu suka koma. Wanda ya fahimci yaji ba zai taɓa kiran ma'aikaci ɗan tawaye ba.

Tawaye kalma ce mai nauyi, shi ya sa nake jan kunne a kanta. Ma'anarta mutum ya kasance ƙarƙashin wani iko, sannan ya zare wuyansa, ya ce daga yau ba ni ba kai. Mu a nan ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarun 1840 Malam Hamza da mutanensa suka bar ƙasar Kano kan batun haraji, suka shige duwatsun Ningi, kuma shi da waɗanda suka gaje shi suka daɗe suna gwabzawa da Bauchi da Kano. Malam Jibril Gaini ma ya kafa sansaninsa a Bormi, ya ƙi bin Sarkin Gombe, har aka yi yaƙi. A wurin fada, waɗannan tawaye ne, domin akwai biyayyar da aka warware.

Amma dubi abin da ya faru a wannan Bormi ɗin a watan Yulin 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗimbin jama'arsa. Yaushe Attahiru ya yi wa Turawa mubaya'a, balle a ce ya warware ta? Hijira ya yi daga Sakkwato ya nufi gabas, suka bi shi. Duk lokacin da na ga wani ya rubuta "tawayen Attahiru" raina yakan ɓaci, domin ya ari bakin Bature ne ya yi magana ba tare da ya sani ba. Saboda haka tambaya ta biyu ita ce: wannan kalma daga bakin wa ta fito? Mai mulki yakan yi saurin cewa tawaye, waɗanda ke ɗaya gefen kuma su ce gwagwarmaya. Idan kalmar gwamnati ce, rubuta cewa gwamnati ta kira su haka. Kada ka mayar da ita taka.

Bore ya fi tawaye sauƙi, ya fi shi gajarta. Tirjewa ce ta lokaci guda, irin ta jakin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kafe a hanya. Ɗaliban kwana kan yi bore kan abinci, fursunoni ma haka, sojoji a bariki kan yi bore kan albashi. In sojojin nan suka wuce bariki suka kama shugabanni suka yi shela a rediyo, magana ta zama juyin mulki, kamar na 15 ga Janairun 1966 da ya ci ran Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke Bauchi. In ba su yi nasara ba, ka ce yunƙurin juyin mulki. Juyin juya hali daban ne: jama'a ce ke tumɓuke tsarin gaba ɗaya, kamar Iran a 1979. Ana yawan haɗa su, alhali ba su da haɗi.

Tayar da ƙayar baya ina ajiye ta ne ga masu makami da suka daɗe suna faɗa da hukuma. Ni bushiya nake tunawa in na ji ta, ta miƙe ƙayoyinta ba mai iya taɓa ta. Kalmar rikici kuma ka yi hattara da ita. Muna cewa rikicin Maitatsine na unguwar Pantami ta Gombe a 1985 domin haka bakin mutane ya saba, amma rikici kalma ce da ke ɓoye wanda ya fara da wanda aka far wa. In ka san wanda ya kai hari, faɗe shi.

Akwai kuma kalmomin cikin gida: kangara, tsaurin ido, taurin kai. Na yaro ne da iyayensa. Kada ka ɗora su a kan dattijon da ya fito neman kuɗin fanshonsa. Shi ma mai sukar hukuma da baki da alƙalami, irin yadda Malam Sa'adu Zungur ya yi wa mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, a Bauchi a shekarun 1940, adawa yake yi, kuma adawa ba laifi ba ce.

Ɗalibin nawa ya saurara har na gama. Bayan kamar rabin awa ya sake turo rubutun. Kanun ya koma: matasa sun yi zanga-zanga kan tsadar rayuwa a Gombe. Na ce masa ya saka.